Kafin ka zaɓi manhajar shafin makarantar nan, je ka zauna da wanda zai riƙe shi

Wani ƙanena a sana'a ya aiko mini da tambaya. Ya samu aikin haɗa wa wata makarantar kuɗi, firamare da Islamiyya, shafin intanet. Abin da suke so bai da yawa: tarihin makaranta, hotuna, sanarwar hutu da komawa, fom na neman gurbin karatu, kuma komai ya fito da Hausa da Turanci. Shi ya koyi React da Next.js, kayan aikin rubuta fuskar shafi da kod, zuciyarsa na son ya haɗa musu da wata manhaja mai suna Strapi. Wani abokinsa ya ce masa WordPress tsohon yayi ce, wani kuma ya ce ya buɗe musu Wix, kamfanin da ake gina shafi a cikinsa ba tare da kod ba, ya huta. Yana tambaya wace manhajar sarrafa shafi, wadda masu sana'ar ke kira CMS, ya kamata ya zaɓa.

Ƙanena, Allah ya sanya albarka a aikin. Amsata WordPress ce, amma da sharuɗɗa, kuma akwai halin da zan ce maka kada ka saka musu irin wannan manhaja kwata-kwata. Sai dai bari in fara da abin da ban gani a tambayarka ba. Ka faɗa mini abin da ka iya, ka faɗa mini abin da abokanka suka ce, amma ba ka faɗa mini wane ne zai riƙa saka sanarwa a shafin ba bayan an biya ka ka kama gabanka. Amfanin CMS gaba ɗayansa shi ne mutumin da bai san kod ba ya iya canza rubutu, ya saka hoto, ya cire tsohuwar sanarwa, ba tare da ya kira ka ba. Saboda haka ba kai ake zaɓa wa manhajar ba. Shi ake zaɓa wa.

Na koyi wannan ne a wani aiki irin naka. Na gama shafin wata makaranta, na zauna da mai makarantar a ofishinsa, an tayar da janareta, na nuna masa komai a babbar kwamfuta, yana gyaɗa kai yana cewa madalla. Ashe ba shi ne zai taɓa shafin ba ko sau ɗaya. Wata malama ce, ita ke buga takardun jarrabawa, ita ke karɓar kuɗin makaranta, kuma aka ɗora mata wannan ma. Ba ta da kwamfuta a gida. Wayarta ce kawai, gilashin ya tsage ta gefe ɗaya, kuma sabis ba ya kamawa sosai sai ta matsa kusa da tagar da ke kallon bishiyar darbejiya. Na gina musu shafukan da irin manhajar nan da ake jan akwati da linzamin kwamfuta a ajiye shi inda ake so. A waya abin ba ya jawuwa. Ta gwada sau biyu, rubutun ya hau kan hoto, ta tsorata kada ta ɓata aikin da aka kashe wa kuɗi, sai ta koma tura sanarwa a zauren WhatsApp na iyaye. Bayan kusan shekara biyu na leƙa shafin, na tarar har yanzu yana yi wa ɗalibai barka da komawa zangon farko na shekarar da na miƙa shi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin makarantar ta biya kuɗinta cif, kuma malamar ba ta yi laifin komai ba.

Tun daga nan, kafin in zaɓi komai, sai na nemi a nuna mini mutumin da zai riƙe shafin. Kai ma ka yi haka a makon nan. Ka ɗora WordPress ta gwaji a wani wuri, ka je makarantar, ka miƙa wa mutumin wayarsa ta kansa, ba taka ba, ka ce: “Malama, ga sanarwar hutun Sallah, ga hoto ɗaya, saka mana.” Daga nan ka harɗe hannuwanka a baya, kada ka taɓa wayar ko da ka ga tana neman maɓallin da ke gabanta. Ka lura da inda ta tsaya, da abin da ya rikita ta, da mintunan da hoton ya ɗauka kafin ya hau. Minti goma sha biyar na wannan zama zai amsa maka fiye da rabin tambayarka.

Mutum na biyu da za ka yi tunaninsa shi ne wanda zai gyara shafin ranar da ba ka nan. Yau kana gari, gobe an tura ka bautar ƙasa wata jiha, ko ka samu aikin da ba zai bar ka ka ɗaga wayar makaranta da ƙarfe bakwai na safe ba. Makarantar kuwa tana nan. A nan ne WordPress ta yi wa sauran nisa. Tun ranar 27 ga Mayu 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da ita, kuma bisa ƙididdigar W3Techs fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Abokinka ya kira wannan tsufa. Ni abin da nake gani a ciki shi ne, ko a Kano kake, ko Zariya, ko Jos, ko Maraɗi, mai makaranta ba zai sha wuyar samun wanda ya san cikinta ba, kuma kusan duk matsalar da za ta taso wani ya riga ya ci karo da ita ya rubuta maganinta. Tana gudana da PHP da rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, wato daidai abin da masaukin shafi (kamfanin da ke ajiye shafi a intanet) mafi sauƙin kuɗi ke bayarwa, irin wanda ake biya da naira sau ɗaya a shekara, mai cPanel da maɓallin Softaculous da ke girka ta cikin 'yan mintuna. Lasisinta na GPL ne, babu wanda zai zo gobe ya ce a biya shi kuɗin amfani da ita.

Yanzu dubi abin da zuciyarka ke so. Ban raina Strapi ba, manhaja ce mai kyau, kuma ilimin React da ka tara zai ciyar da kai in Allah ya yarda. Amma lissafa abin da za ka bar wa makarantar. Strapi na buƙatar saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, mai Node.js da ke kunne dare da rana. Tana buƙatar rumbun bayananta. Fuskar shafin kuma, wadda ka rubuta da Next.js, wani gida ne daban da ke zaune a wani kamfanin daban, kuma dole a haɗa su ta yadda in malama ta danna wallafawa, fuskar za ta sake ginuwa. Abu uku ke nan da kowannensu zai iya daina aiki shi kaɗai, kuma in ɗaya ya tsaya, mai makaranta ba zai san ko wanne ba ne, balle ya san wanda zai kira. Za ka ce akwai masaukai na kyauta. Akwai, amma kyautar kamfani ba alƙawari ba ce. Heroku ta shafe shekaru tana ba masu koyo masauki kyauta, a Nuwamba 2022 ta rufe wannan ƙofa, kuma ƙananan ayyuka da yawa da aka jingina a kanta sai da aka kwashe su ko aka fara biyan dala. Irin wannan gini, da ke raba fuskar shafi da manhajar da ke riƙe da rubutun, yana da amfani idan labari ɗaya zai fita a shafi, ya fita a manhajar waya, ya fita a allon talla, kuma akwai ma'aikatan da ake biya don kula da shi. Ga shafuka takwas na firamare, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. In kana son ka goge hannunka a Strapi, gina naka shafin da ita.

To ga sharuɗɗan, domin WordPress ɗin da ake zagi da nauyi da yawan kutse, yawanci ba ita ba ce, kayan da aka jibga mata ne.

Da farko ka san wadda kake nufi. Akwai WordPress.org, inda ake sauke manhajar kyauta a ɗora a masaukin da mutum ya ga dama. Akwai WordPress.com, kasuwancin kamfanin Automattic, mai tsare-tsaren biya na wata ko shekara. Ta farko nake nufi.

Sai maganar riga, wato ƙirar da ke ba shafin kamanninsa. A nan ne na fi ganin matasa suna faɗawa rami. Za ka ga riga mai tsada a dala, sai wani ya turo maka ita kyauta a Telegram, an fasa kullenta. Don Allah kada ka taɓa ta. An taɓa kawo mini shafin wani shagon sayar da kayan gini, mai shagon na kuka cewa in an nemi sunansa a Google sai rubutun Japananci ya fito, ana tallar jakunkuna da agoguna. In ka buɗe shafin da kanka lafiya lau yake, hotunan siminti da fenti na nan yadda aka bar su. Da na shiga cikin fayilolin rigar, sai ga wani dogon layi na haruffa da lambobi a cakuɗe, an ɓoye shi can ƙasan fayil bayan sarari mai yawa, yadda in ba ka gangara ba ba za ka gan shi ba. Shi ne ƙofar da aka bar wa ɓarawo tun ranar da aka girka rigar. Ta nan aka ƙirƙiri dubban shafukan bogi da ba sa bayyana sai ga injin bincike. Kwana uku na yi ina sharewa, kuma an ɗauki watanni kafin sunan shagon ya wanke a sakamakon bincike. Kuɗin da aka biya ni ya ninka kuɗin rigar ta halal. Ga makaranta kuwa abin ya fi muni, don wani lokaci tallar caca ko ta batsa ake cusawa, kuma iyayen yara ne za su fara gani. Ka ɗauki riga daga rumbun WordPress.org kanta. Waɗanda ke zuwa tare da manhajar, irin su Twenty Twenty-Four, sun isa, haka nan GeneratePress ko Kadence na kyauta. Ba su da nauyi, kuma ana sabunta su.

Haka zancen yake ga fulogin, ƙananan manhajojin da ake ƙara mata don wani aiki na musamman. Akwai su dubun-dubata, kuma mafi yawan ramukan tsaro da ake ganowa a duniyar WordPress a cikinsu suke, ba a uwar manhajar ba. A Satumba 2020 an gano rami a wani fulogin mai suna File Manager da ke kan shafuka kusan 700,000, masu kutse suka yi ta afka wa waɗanda ba su sabunta ba. Kowane fulogin da ka ƙara, ka ƙara ƙofa ce a gidan, kuma ka ɗauki amanar wani mutum da ba ka sani ba cewa zai ci gaba da gyara makullinta. Ga aikinka ban ga abin da zai sa ka wuce biyar ko shida ba: na fom, na harshe biyu, na kwafin ajiya, na rage nauyin shafi, da na tsare ƙofar shiga. Kafin ka girka kowanne, duba ranar da aka sabunta shi na ƙarshe. In ya haura shekara ba a taɓa shi ba, wuce. Tun fitowar 3.7 a 2013 WordPress ke yi wa kanta ƙananan gyare-gyaren tsaro ba tare da an danna komai ba, kuma daga 5.5 a 2020 ana iya kunna wa riguna da fulogin irin wannan. In kayanka kaɗan ne kuma sanannu, kunna musu.

Game da wurin rubutu, bar malamar da editan da ke zuwa da WordPress, mai tubala, wanda ya shigo da fitowar 5.0 a Disamba 2018. Kada ka gina sanarwa da labarai da Elementor, fulogin ɗin jan akwati da linzami, ko makamantansa. Ka tsara mata abin ta yadda aikinta zai zama take, rubutu, hoto, wallafa. Akwai kuma manhajar WordPress ta waya, wadda ta fi burawza sauƙi a ƙaramin allo, sai dai ka gwada ta a masaukin da ka zaɓa tukuna, don wasu kamfanonin masauki na toshe hanyar da take bi ta shiga. Kuma kada ka ba ta matsayin shugaban shafi. WordPress na da matakai biyar na masu shiga, daga shugaba mai iko da komai har zuwa mai karatu kawai. Matsayin edita ya ishe ta: za ta rubuta, ta gyara, ta goge labari, amma ba za ta ga maɓallin da ke cire riga ko fulogin ba. Wannan ba rashin yarda ba ne. Shi ne zai cire mata tsoron da ya hana waccan malamar tawa taɓa shafi. Ka gaya mata da bakinka: “Malama, duk abin da kika gani a nan, danna shi, ba zai fasa komai ba.”

Akwai abu biyu da ba za ka same su a yawancin darussan da ake koyarwa a YouTube ba, don masu yin su ba da Hausa suke rubutu ba, kuma ba data irin tamu suke saye ba.

Na ɗaya, haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Rumbun bayanai ba ya samun matsala da su. Matsalar na wurin zanen haruffan da rigar ke amfani da shi. Da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da waɗannan haruffa, sai burawza ta aro su daga wani zanen, ka ga “ƙasa” ta fito da ƙ ɗinta ta fi sauran girma ko kauri kamar an liƙa ta, a tsohuwar waya ma wani lokaci akwati kawai za a gani. Kafin ka amince da kowace riga, rubuta “Ɗan ƙauye ya ɓoye ƙwarya a ɗaki”, da manyan haruffa da ƙanana, da mai kauri da na kwance, ka duba a wayoyi biyu ko uku. Noto Sans na da su duka, haka nan Andika da Charis na ƙungiyar SIL, waɗanda dama da harsuna irin namu a zuciya aka zana su. Ka lura kuma da adireshin kowane labari. Na sha ganin take mai ƙ ya koma %c6%99 a cikin adireshi idan an kwafe shi zuwa WhatsApp, ya yi tsawo ya yi muni. Koya wa malamar ta gyara adireshin da haruffa marasa lanƙwasa kafin ta wallafa, ko ka saita shafin ya riƙa amfani da lamba.

Na biyu, hotuna. Ranar walimar saukar Alƙur'ani za a ɗauki hoto sittin, kowanne megabayit uku ko biyar, kuma duka za a so a saka. Daga fitowar 5.3 WordPress na rage duk hoton da faɗinsa ko tsawonsa ya wuce ɗigo 2560 da kanta, amma ko wannan ya yi yawa ga uban da zai buɗe shafin da datar naira ɗari biyu a wurin da sabis ke rawa. Saka abin da zai matse hotuna tun suna hawa, ka nuna wa malamar ta zaɓi goma mafi kyau, bidiyo kuwa a ɗora a YouTube a kawo mahaɗinsa kawai. Kada ka saka hotuna masu juyawa a saman shafin farko. Mai makaranta zai so su, amma su ne ke sa iyaye su rufe shafi kafin ya gama buɗewa.

Harshe biyun da ake so shi ne wuri ɗaya da zan yarda wata manhajar ta fi WordPress. Joomla, wadda ta ɓalle daga Mambo a 2005, kuma sunanta daga kalmar Swahili “jumla” aka samo shi, tana zuwa da tsarin harsuna da yawa a jikinta. A WordPress sai ka ƙara fulogin ɗin Polylang, wanda na kyautarsa ya isa aikinka. Duk da haka ba zan tura ka Joomla ba, don masu iya ta a wajenmu sun yi ƙaranci. Kuma ka tambayi makarantar da gaske: wa zai riƙa rubuta kowace sanarwa sau biyu? In babu, a yi shafukan da ba sa canzawa da harsuna biyu, sanarwa kuwa a rubuta Hausa a sama Turanci a ƙasa a wuri ɗaya. Drupal ta Dries Buytaert ta manyan hukumomi da jami'o'i ce. Waɗanda suka gina a kan Drupal 7 sun ga yadda ƙaura zuwa sabuwar ta zama kusan sabon gini, har aka daina tallafa wa ta 7 ɗin a Janairu 2025. Ghost ta masu jarida da wasiƙun labarai ce, ita ma Node.js take so. Ba aikinka ba ne.

Wix da Squarespace kuwa, gaskiya suna da sauƙi, kuma kamfanin ne ke ɗauke maka sabuntawa da tsaro. Abin da ke hana ni kai ƙaramin kwastoma can abu biyu ne. Kuɗinsu da dala ake lissafa shi. A Mayu 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,400. Duk wanda ya yi kasafin shafinsa a farkon wannan tsakani, ya wayi gari kuɗin ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba, ga shi a lokacin bankuna da yawa sun taƙaita ko sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Makarantar da ke jiran iyaye su biya kuɗin zango ba za ta jure irin wannan ba. Na biyu, shafin da aka gina a Wix ba a kwashe shi a kai wani masaukin, sai dai a sake gini. Kayan aro ba ya rufe katara. Ko Google ma, da ta ba ƙananan 'yan kasuwa shafukan kyauta masu adireshin business.site, a Maris 2024 ta kashe su. Da WordPress, in masauki ya ɓata maka rai, ka kwashi fayiloli da rumbun bayanai ka koma wani cikin yini ɗaya.

Na ce akwai halin da ba zan saka CMS irin wannan ba. In ka je makarantar ka tarar babu wanda aka ware wa aikin, kuma mai makaranta ya ce shi dai a samu adireshi da hotuna da lambar waya, sanarwa a WhatsApp za su ci gaba da yi, to kada ka bar musu WordPress da babu mai leƙa ta. Gidan da ba kowa shi ɓarayi suka fi so. Yi musu tsayayyen shafi, fayilolin HTML zalla, babu rumbun bayanai, babu ƙofar shiga da za a fasa. Kana iya gina shi da Hugo, ko ma da Next.js ɗin da ka iya in ka fitar da shi a tsaye, ka ɗora a Cloudflare Pages ko GitHub Pages. Gyaran da za a yi sau biyu ko uku a shekara su turo maka, ka saka a cikin kuɗin kulawa. In kuma akwai kwamfuta a ofis amma sabis ne babu, duba Publii. Manhaja ce ta kyauta da ake girkawa a kwamfuta, a yi rubutu ko babu intanet, in sabis ya dawo a danna maɓalli ɗaya ta tura. Rauninta shi ne shafin na zaune a kwamfuta ɗaya, in ta lalace babu kwafi an shiga uku, kuma ba a aiki da ita daga waya.

Ina kuma so ka shirya wa wata magana da na tabbata za ta zo. Da zarar shafi ya hau, mai makaranta zai ce: “Injiniya, ba za a sa iyaye su riƙa duba sakamakon yara a nan ba?” Kada ka amsa da to nan take. Wannan wani aiki ne daban, da kuɗinsa daban, da manhajarsa daban. Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne a ɗora takardun sakamako a ma'ajiyar hotunan WordPress. Duk fayil ɗin da ke can, wanda ya san adireshinsa zai buɗe shi ba tare da kalmar sirri ba, kuma injin bincike na iya tsinto shi. Sunayen yara ne, da shekarunsu, da makinsu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta nemi izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma ko babu doka, amana ce. Fom ɗin neman gurbi ma ka taƙaita shi: sunan yaro, ajin da ake nema, lambar wayar uba ko uwa. Takardar haihuwa da sauran su a kawo ofis. Hotunan yara kuma a nemi yardar iyaye kafin a saka fuskokinsu. In ana son biyan kuɗin fom ta shafin, Paystack da Flutterwave duk suna da fulogin na WordPress, amma asusun da sunan makaranta za a buɗe shi, kuɗin ya faɗa bankinta kai tsaye, kada ya bi ta hannunka ko na kwana ɗaya.

Wannan ya kawo ni kan sunan shafin, wanda ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci a wurina. Na ga wani asibiti mai zaman kansa ya rasa adireshin da ya buga a allon ƙofa da katunan marasa lafiya, saboda yaron da ya yi musu aikin ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, ya bar ƙasar, saƙon tunatarwa na zuwa akwatin da ba ya buɗewa, wa'adi ya cika, wani ya saye sunan. Ba mugunta ya yi ba, sauƙi ya nema ranar da yake rajista. Kai buɗe wa makarantar imel nata, ka yi rajistar sunan da masaukin da shi, da lambar wayar mai makaranta. In sunan Najeriya kuke so, NiRA ce ke kula da duk abin da ya ƙare da .ng, ta hannun dillalan da ta amince da su, ana biya da naira, kuma akwai .sch.ng da aka ware wa makarantu. Takardar tsaron da ke sa alamar kwaɗo ta bayyana a gefen adireshi a wasu burawza kyauta ce daga Let's Encrypt, kuma yawancin masaukai na sabunta ta da kansu. Kada ka bari a sayar wa makarantar ita da tsada.

Ranar miƙa aiki, rubuta takarda guda: inda aka yi rajistar suna, inda masauki yake, sunayen shiga da kalmomin sirri, ranar da kowanne zai ƙare, da kuɗin da za a biya duk shekara. Ka buga biyu, mai makaranta ya sa ɗaya a inda yake ajiye takardun filin makarantar. Ka saita kwafin ajiya ya riƙa tafiya Google Drive na makarantar duk mako, ba cikin masaukin kansa ba, kuma ka gwada dawo da shafin daga kwafin sau ɗaya kafin ka tafi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ku yi maganar kuɗin kulawa tun yanzu, a fili, a rubuce: sau nawa za ka leƙa a wata, me ke ciki, me ba ya ciki. Matasa da yawa na jin nauyin wannan magana a gaban dattijo, sai su yi shiru, daga baya a riƙa kiransu kyauta har su gaji su daina ɗaga waya, zumunci ya lalace, shafi ya mutu. Ka ce masa: “Ranka ya daɗe, shafi kamar motar makaranta ne, akwai kuɗin saye, akwai na juyen mai.” Zai gane, don yana biyan na motar.

In ka dawo daga makarantar, rubuto mini irin wayar da ke hannun malamar, da inda ta tsaya lokacin da take saka sanarwar, da ko akwai wanda zai rubuta Turancin. Da waɗannan ukun sai mu zaɓi rigar da masaukin tare.